Lissafin Araceli a Kwaleji Uku

"To ni na goya ki na kai ki kwaleji uku? Da ƙafarki kika je!"

Efraín ke nan, yayan Araceli, yana tsaye a kicin ɗin mahaifiyarsu a birnin San Jose, baki cike da tamale, wani irin alalen masara, yana ta zuba faɗa. Tamalen kuwa na walimar tafiyarta jami'a ne, walimar da ta wargaje tun jiya.

"Da ƙafata na je, amma bakinka ya tura ni," in ji Araceli. "Wa ya ce min lissafi lissafi ne ko a ina aka yi shi? Wa ya ce zuwa ofishin masu ba ɗalibai shawara ɓata lokaci ne?"

"Ke yarinya, ni rufin gida nake yi. A ina kika ga ana tambayar mai rufi hanyar jami'a?"

"Ai ban tambaye ka ba, Yaya. Kai ka zo da kanka."

Jama'a, ga ainihin yadda abin ya faru, don yanzu a unguwa kowa da irin nasa labarin, har da waɗanda ba su san gidan ba.

Araceli injiniya take so ta zama, mai gina gadoji. Jami'a kuwa ba ta karɓar wanda ya fito daga kwalejin shekara biyu sai ya gama babban lissafi kashi uku, ɗaya bayan ɗaya. Kashi na farko ta yi shi a kwalejin unguwa ta ci. Da ta zo na biyu sai ta tarar aji ya cika. Nan fa Efraín ya sa baki, wai akwai wata kwaleji can bayan tsauni, abokinsa ya ce malamin ma ba ya takura wa kowa. Ta tafi can. Na uku kuma ta yi shi a wata kwalejin daban, ta kwamfuta, don ya fi dacewa da aikinta na gidan burodi.

Yarinya ta sha wahala, ko mai jin haushinta zai faɗa. Da garin fulawa a gashinta take shiga bas, a cikin bas ɗin take cin abinci, a ciki take karatu. Duka ukun ta ci su da maki mai kyau.

Abin da ba ta sani ba, ita kwalejin bayan tsauni shekararta zango uku ce, sauran kuma zango biyu. Lissafin da wasu ke rabawa uku, ita huɗu take yanka shi, don haka kashinta na biyu bai kai na sauran tsawo ba. Babi guda sukutum ya faɗa tsakani, babu wanda ya koya wa Araceli shi.

Jami'a ta ba ta gurbi bisa sharaɗin za ta duba sakamako. Da aka duba, sai aka janye. Matar da ke ba da shawara ta faɗa mata ido da ido: sai ta sake kashi na biyu, sannan ta sake neman gurbi baɗi. Ta ƙara da cewa da ta leƙo ofis tun farko, da kafin kofin shayi ya huce an faɗa mata.

Mahaifiyarsu, Doña Consuelo, tana zaune ta yi tagumi. Ita fa ta riga ta gaya wa duk matan coci 'yarta ta shiga jami'a, har da waɗanda ba su tambaye ta ba.

"Ranar Lahadi da wane ido zan kalli Ofelia a coci?" ta ce. "Matar nan tun bara take jiran ta ji abin faɗi a kanmu."

Efraín ya goge baki ya sassauta murya. "Ƙanwata, ki bar wahalar nan. Ina neman mai amsa min waya a ofis. Lissafin da kika yi ai ya ishe ki ƙirga kwanon rufi."

"Ko za ki karɓa, 'yata?" in ji uwar. "Shekara guda fa ba wasa ba ce."

Wannan ta fi yi wa Araceli zafi. Ta san yadda ake shiga ofishin Yaya: matarsa ma da "na ɗan lokaci" ta fara, ga ta nan har yau da waya a kunne. Ta miƙe ta saɓa jakarta.

"Ina kuma za ki?"

"Kwalejin unguwa, Mama. Zan sake kashi na biyu daga shafin farko. Kuma daga yau ba na shiga aji sai na ji daga bakin jami'a cewa tana karɓarsa."

Efraín ya fashe da dariya. "Da ƙananan yara za ki koma ki zauna? Goggo za su riƙa ce miki!"

"Su ce min Kaka ma. Gara su da wayarka."

Ta fita ta bugo ƙofar da ƙarfin da ya sa karen maƙwabta ya kama haushi.

To 'ya'yana, kafin ku rarraba karatu tsakanin makarantu, ku je ku tambayi wadda za ta karɓe ku a ƙarshe, ku bar jin ta ɗan'uwa mai ƙarfin baki. Tambaya ɗaya da ba a yi ba ita ta cinye wa yarinyar nan shekara.