Tafintan Gonar Riɗi

Dutse na biyu ne ya fasa goshin Raman, Ba'indiyen da kamfani ya turo ya riƙe gonar riɗi a yankin Fashaga. Leburori sun kewaye motarsa, don sun ji an ce injin girbi na tafe, za a sallame su.

Mijinyawa, wakilin gonar kuma tafinta, ya shiga tsakani. Shi ya baza maganar injin. Ya san in baƙon ya gudu ko ya mutu, kujerar manaja tasa ce.

Raman ya share jini, ya ce da Turanci ba wanda za a kora, masu saye a ƙasashen waje yankan hannu suke so.

Mijinyawa ya juya ga taron. "Ya ce ku jakuna ne, gobe kowa ya kama gabansa."

Sharu Ɗanliti, shugaban leburorin, ya shaƙo wuyan Raman, ya buga kansa da ƙofar mota. "Maimaita, ya zol, in ka isa," in ji Sharu, zol kuwa mutum ke nan da Larabcin yankin.

Raman ya tofar da haƙori, ya amsa da Hausar Kano tsantsa.

"Sharu, shekara tara na yi ina sayen riɗi a kasuwar Dawanau. Na yi shiru ne don in gane mai haɗa ni da ku. Cewa na yi ba wanda za a kora."

Sharu ya sake shi. Mijinyawa ya waiga neman hanya, ya ga an rufe ko'ina. Bai kai ga buɗe baki ba sanda ta farko ta sauka a kansa.