Takwas Ko Sha Shida

Kai ma ka taɓa ganin kuskure a littafin jagora, ka kau da kai.

A wani kamfani a birnin Sfax, na'ura ta sanƙare. Littafin ya ce a jera ma'ajiyar kernel, wato zuciyar manhajar na'urar, takwas-takwas, alhali sha shida take buƙata.

"Maigida Lotfi, abin da ke rubuce na bi," in ji Wael, sabon injiniya. "Korata za ka yi?"

"Kowa ya san sha shida ne, malam. Wa ke karanta wannan shirgin?" in ji Lotfi, shugabansa.

Lotfi ya buɗe littafin zai gyara, sai ya ga an riga shi. Nesrine, wadda ya kora bara kan wannan kuskuren, ta turo gyaran tun ranar da ta tattara kayanta. Sa hannunsa kaɗai ake jira.

Duba gyaran da ke jiranka, ka sa hannu yau.