Awon Kafaɗa

Harbi na uku ma ya kuskure. Lauyan da ya taso daga birnin Milano ya dangwarar da bindigar, ya dubi babana.

"Maigida, tsufa ya kama ka. Wata takwas ina jira, ka ƙera min karkatacciya? Gobe duk ƙungiyar maharba za ta ji."

In suka ji, sai rufe shago. Baba ya cusa hannuwansa masu rawa cikin aljihu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tuɓe rigar."

"Yarinya, kin san kuɗinta kuwa?"

"Ban sani ba. Amma da rani aka auna kafaɗarka, kana sanye da 'yar shara. Yau ka zo cikin rigar sanyi mai kaurin rabin tunkiya, gindin bindigar ya rasa wurin zama."

Ya tuɓe yana makyarkyata, ya harba. Can a mita ɗari huɗu, faifan ƙarfen da yake hari ya amsa.

Ya gyara murya. "Ka ji aikin gwani. Hannun namiji daban ne."

Baba ya ce, "Shekara uku rabona da riƙe zarto, ranka ya daɗe. Duk aikinta ne. Wannan za ka kai wa maharban."