Mai Kiran Ranar Lahadi

Mai kitsona ce ta fara ba ni labarin nan, ita kuwa katanga ɗaya ta raba ta da gidan da abin ya faru.

Matar gidan, Inna, tana da 'ya a gidan talbijin, Auta, mai shirin hira duk Lahadi bayan la'asar. Irin shirin nan da ake zama a kujera mai laushi, a kira baƙo, a yi masa tambaya, kafin ya buɗe baki mai tambayar ta amsa da kanta. Auta ta iya ɗauri, ta iya gyaɗa kai, amma wayar shirin ba ta ƙara, babu mai kira. Manaja ya ce in aka ƙare zangon nan a haka, za a ba masu tallan katifa filin.

Duk da haka Inna ba ta fashin kallo. Maigidan kuwa, tsohon direba, da an saka kiɗan shirin sai ya tashi, wai zuciyarsa ba ta ɗauka. Inna ta ce ai dama mutumin da ya kasa ɗiga wa ƙofar sito mai, tana ta kuka tun bara, me zai iya ɗauka? Ga sabuwar waya yarinyar ta saya masa, ko godiya babu.

Sai wani mai shaƙaƙƙiyar murya ya fara kira. Ya ce ɗaurin Auta kamar an kife kwando. Lahadi ta gaba ya tambaya ko baƙon nata kurma ne, ko kuwa haya aka ɗauko shi ya yi shiru. Auta ta sunkuyar da kai, ta share gefen ido da ɗan yatsa, a hankali don kada kwalli ya ɓaci.

Gari ya ɗauka. Masu kare ta suna kira, masu jiran tsiya suna kira, masu talla suka biyo baya. Mutane fa ba hira suke so ba, a ci mutuncin wani suna shan shayi suke so.

Inna ta daina cin abinci ranar Lahadi. A shirin ƙarshe na zango, wanda manaja zai yanke hukunci a kansa, ta ari wayar maƙwabciya ta kira, aka haɗa ta da mutumin kai tsaye.

"Kai tsohon banza, ba ka haifa ba ne?"

Ya yi tari, ya ce ya haifa, kuma tasa ta fi wannan iya magana.

Inna ta wanke shi tas, har da fatan maƙogwaronsa ya toshe. Auta tana ta "Inna, yi haƙuri," idonta na kan fitilun wayar masu kira da suka kama gaba ɗaya. Mutumin ya nemi hanyar gudu, aka ji motsinsa, aka ji kukan ƙofa. Sai Inna ta katse kiran, ta miƙa wa maƙwabciya wayarta. Kafin magariba aka sabunta wa Auta shiri.

Kukan da Inna ta ji cikin talbijin, shekara guda tana mita a kansa. Washegari da safe ta ɗiga wa ƙofar sito man keke da hannunta, ta ajiye wa maigidan shayi da zuma saboda maƙogwaro, ta ce, "Lahadi mai zuwa ka taɓo 'yan kunnen nan nata, ni ma sun ishe ni."