Farin Fenti a Bangon Lambu

Daga ofis aka turo ni da bokitin farin fenti, in shafe wani zane a bangon lambun shaƙatawa, wai ba shi da izini. Hoton wata budurwa ne mai wushirya, tana dariya.

Na ci rabi ke nan wata tsohuwa ta tsaya a bayana.

"Ɗana, ka bar idanun sai ƙarshe."

Na ce, "Mama, kin san mai zanen?"

"Maigidana ne. Shekara biyu yana zarya a ofishinku neman izini. Da likita ya gaya masa gaskiya, sai ya ce shi kam ya gama jira. Ni ce a hoton, haka ya fara ganina, a nan wurin. Yau sati uku da rasuwarsa."

Sai a ƙarshe na shafe idanun.

Ina wanke buroshi ta miƙo mini ambulan.

"Da safe aka kawo, na ga tambarinku. Karanta mini, idona ya yi rauni."

Na buɗe. Takardar izini ce, an amince ya fara zane ranar Litinin.

"Me suka ce, ɗana?"