Hasken Bayan Auta

Kafin mahaifiyar Auta ta shigo, likita ta gama yi masa bayani: ruwan allurar da aka yi masa yana taruwa ne inda lakar baya ta lalace, sai wurin ya haska a hoto.

Tsohuwa ta ƙura wa hoton ido. Tsakiyar bayan ɗanta na ƙyalli kamar fitila.

"Alhamdu lillahi! Auta, dubi haske a jikinka! Ban ce maka za ka tashi ba?"

Shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyaran wuta a saman falwaya har ranar da ya faɗo, ya san waya ba ta tartsatsi sai inda ta tsinke.

Ya ce, "Na gani, Inna."

Tana murna tana matsa masa ƙafa. Da bai kalli hannunta ba, da bai san tana taɓa shi ba.