Jar Fitilar da Isiyaku Ya Liƙe

Isiyaku mai bidiyo ba ya iya zama wuri ɗaya. Da safe yana gonar tumatir a Kadawa yana rigima kan ban ruwa, da azahar yana gidan biki a Bunkure da kyamara a kafaɗa, kafin la'asar ya dawo shagonsa na ƙofar gida a Kura. Ko abinci a tsaye yake ci.

A shekarar 2008, da kwamfutarsa ta cika, ya shiga Kano ya sayo wani akwatin ajiyar bidiyo da ake haɗawa da kwamfuta, ɗan ƙarami, bai fi bulo ba. Kefas mai gyaran kwamfuta, wani mutumin Filato da ya daɗe a Kura, shi ya haɗa masa. Ya ajiye akwatin a ɗaki, ya ja waya zuwa kwamfutar cikin gida, ya ja wata ta kan katanga zuwa ta shago. Duk bikin aure da suna da Isiyaku ya ɗauka, can yake zubawa.

"Faifai biyu ne a ciki, Oga," in ji Kefas. "Abin da ka zuba a ɗaya, da kansa zai kwafa a ɗayan. In ɗaya ya mutu, ɗaya na nan. Amma ranar da ka ga jar fitila, ka neme ni a ranar."

"To, to, na ji," in ji Isiyaku. Ya riga ya hau babur.

Ana tsakiyar ɗiban tumatir fitilar ta yi ja, akwatin ya shiga ƙara, ƙit-ƙit-ƙit, ba hutawa. Isiyaku ya buɗe kwamfuta ya duba, ya ga komai na nan. Sai ya yanko salatif ya liƙe fitilar. Ƙarar kuma da ta ishe shi, ya ɗauko tsohon bargo ya lulluɓe akwatin. Ga zafin bazara ya fara shigowa, mai karatu, injin da ke neman iska shi aka rufa wa bargo.

Suka haɗu da Kefas a gidan mai.

"Oga, yaya akwatinmu?"

"Yana can yana kuka kamar ɗan akuya."

"Kuka? Ai ɗaya ya tafi ke nan! Kawo shi yau mu sa sabo."

"Kai dai Kefas, in ba ka tsorata mutum ba tuwo ba ya shigar maka. Bari in gama da tumatir."

A cikin kwanakin ne Iya Adama mai ƙosai ta zo shago. Ɗanta Baballe direba ne, ya ɗauki kwandunan tumatir zuwa Kudu, motar ta faɗi ta kama wuta, ko gawarsa ba a kawo gida ba. Ya bar matarsa da tsohon ciki. Baballe ba mutumin hoto ba ne, wanda ke jikin lasisinsa kuma ya ƙone tare da shi. Bidiyon aurensa kaɗai ya rage, shi ma faifan da aka ba su ya goge saboda yawan kallo.

"Ɗan nan, ka sake buga mini," in ji Iya. "Akwai wurin da yake dariya abokai na ja masa hula. Shi nake so."

"Yana nan a ajiye, Iya. Gobe in Allah Ya kai mu."

Ta dawo gobe, yana gona, ruwa ya fasa kunyar tumatir. Ta sake dawowa, ya tafi neman mota a yi masa lodi. Ta zauna a bencin shago har man ƙosanta ya huce. Aikin da bai fi a sha shayi a tashi ba, Isiyaku ya kasa tsayawa ya yi.

Ranar da matar Baballe ta haifi 'ya mace, kunya ta kama shi, ya zauna gaban kwamfuta. Ya danna, shiru. Ya sake dannawa. Ya ruga cikin gida ya yaye bargon, akwatin ya yi zafi kamar murfin tukunya, yana wani ƙas-ƙas daga ciki. Ya ɗaura shi a babur sai wurin Kefas.

Kefas ya kwance, ya gwada wannan, ya gwada wancan. Ya ɓare salatif ɗin ya riƙe a hannu yana kallon Isiyaku.

"Faifan farko ya daɗe da mutuwa. Na biyun zafi ya dafa shi."

"Mu kai Kano!"

Suka kai. Masu gyaran can ma suka girgiza kai.

Iya na bakin kasko ya same ta. Ya durƙusa, ya faɗa mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta kwashe ƙosan da ke cikin mai tukuna.

"Sau nawa na zo, Isiyaku?"

Ya sunkuyar da kai.

"To. In yarinyar nan ta yi wayo ta ce yaya ubanta yake, wurinka zan turo ta. Kai ka yi mata dariyar tasa."

Labari ya zaga Kura. Mutane suka riƙa zuwa neman na aurensu da na sunan 'ya'yansu, babu ko ɗaya. Bukukuwan bayan kakar tumatir duk wani mai bidiyon aka kira.

Jama'a, abin mutane da ke cikin injinku amana ne. In ya nuna alamar ciwo, a bar komai a gyara a ranar, kuma a yi wani kwafi a ajiye a wani wuri dabam.